Fasinja Mai Dogon Wuya

A Gyaɗi-Gyaɗi ta tsayar da ni, ana yayyafi,
ita da wani akwati mai ƙugu kamar mutum.
Na ce, Hajiya, kuɗin kujera biyu ne fa.
Ta ce, na sani, sunansa celo, ba ya ciniki.
Wuyansa ya leƙo ta labulen adaidaita,
har ɗan karota ya ɗaga masa hannu a Dangi.

Bompai. Wani tsohon gida da rufinsa ya gaji da damina.
Ruwa ya kece. Barira ta ce, shigo ka fake,
amma ka kashe waya.

Mutum uku, kujera bakwai, babu lasifika.
Baba Istifanus na gaban fiyano,
haƙoransa sun rine kamar na mai cin goro,
ɗaya can ƙasa ya mutu, sai ya tsallake shi
yadda nake kauce wa ramin Ƙofar Nassarawa.
Ga wani siririn yaro, Mudan, da sarewar ƙarfe
a gicciye a bakin leɓe.

Ba wanda ya ƙirga.
Numfashi ɗaya suka ja, suka tashi tare.

Sarewa ta yi tambaya.
Celo ya daɗe bai tanka ba,
da ya tanka, muryar Kawu Sale na ji
daren da ya zo gaya mana an sayar da gonar Gezawa.
Fiyano na biye da su
yana tsince abin da suka zubar.

Shekara tara ina tuƙi a garin nan,
kowa hannunsa a kan ham, kowa shi ne mai gaskiya.
Ban taɓa ganin an ba wani hanya
ba fitila, ba ɗan sanda, ba zagi,
da ɗaga gira kawai ba.

Sau biyu suka ɓata. Suka yi dariya, suka koma baya.
Ɗigon rufi na faɗa wa bokiti, yana ba da nasa.
Da suka tsaya na ware hannu zan tafa,
Baba ya girgiza kai: da saura.
Ashe shirun ma a rubuce yake.

Gab da magariba muka juyo,
titi ya jiƙe, motoci sun cushe a gada.
Wani mai tifa ya matse ni, na bar shi ya wuce.

A ƙofar gida ta miƙo kuɗin mutum biyu.
Na zare na ɗaya.
Na ce, shi ya riga ya biya.