Saman Silin, Hawa na Bakwai

A Izmir, hawa na bakwai na sabon asibiti,
ba a rufe silin ba tukuna.
Nevzat yana kan tsani, fensir a bayan kunne,
ni ina ƙasa, riƙe da bakin bututun tagulla.

Ɗaya ya kai ruwan sanyi,
ɗaya ya dawo da shi da ɗan ɗumi.
Na uku, siririn na roba, shi ne abin faɗa.
"Tuncay, ruwa ba ya hawa tudu don ganin idonka.
Sassauta wancan maratayi. Ƙara. Tsaya!"

Mun naɗe tagullar da baƙin soso
kada ta yi gumi a watan Agusta.
Hanyar iska ta kwano muka haɗa gaɓa-gaɓa,
ta yanke ni a babban yatsa; na tsotse, na ci gaba.

Da la'asar ya ɗauraye kofin shayinsa,
ya tsiyaya ruwa a kaskon injin fanka.
Muka kasa kunne.
Can ƙarshen baranda, ɗis, ɗis, cikin bokiti.

Jibi za a rufe komai da farin allo.
Wata majinyaciya za ta kwanta nan, ta dubi sama,
ba ɗigo, ba tabo, ba sunanmu.
Nevzat ya ce haka ake so.