Gadon Da Ba A Kai Kotu Ba

Ƙarfe biyun dare a Yakasai.
An ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
sai ƙarar farce a kan fata
kamar ɓera ya samu buhun gero.
Rumasa'u ce. Ta yi barci, hannunta bai yi ba.

Na haska tocila:
lanƙwasar hannu, bayan gwiwa, ƙasan kunne.
Na san wuraren nan kamar lungun gidanmu,
nan nawa yake zaune shekara talatin da shida.

Kakana Barau marini ne a Ƙofar Mata,
hannunsa shuɗi, duk ya tsattsage.
Aka ce toka ce ta cinye shi.
Babana bai taɓa leƙa karofi ba,
tela ne a Fagge, aka ce zare ne.
Ni malamin firamare ne, aka ce alli.
To ita fa, 'yar shekara uku,
me ta taɓa?

Maƙwabciya ta janye ɗanta daga tabarmarmu.
Gwaggo Tabawa ta hana naman akuya.

A asibiti likita ba ta fara da yarinyar ba,
ni ta kalla.
Akwai mai asma a danginku? Mai atishawar safe?
Na ƙirga har yatsu suka ƙare.
Ta ce kircin nan ba ɗaukarsa ake yi ba.
Fata katanga ce, taku yaɓenta bai kama ba,
laima na fita, sabulu na shiga.
Rubutun yana cikin ƙwayar halitta tun fil'azal,
gumi da zafi ke karanta shi da ƙarfi.

Ranar da aka raba gadon Barau
gida ya tashi kashi tara,
har tsohuwar muciyar rini sai da aka yi mata kuɗi.
Wannan kuwa ba wanda ya kai shi gaban alƙali.
Ya tsallake yayana Sabi'u,
ya tsallake ƙannena mata,
ya sauka a kaina,
ni kuma na miƙa mata, ban rage komai ba.

Yanzu kullum bayan isha'i
ina yanke mata farce,
ina shafa man kaɗanya tun jikinta bai bushe ba,
in sa mata safa a hannu.

Jiya ta ja hannun rigata sama,
ta daɗe tana kallo.
Ta ce, Baba, kai wa ke shafa maka?
Ta lakato man da ɗan yatsa.