Ɗan Injin Walda daga Owode

Ni ba maƙeri ba ne, akawu ne
na dillalan albasa a Mil Sha Biyu.
Kwana shida biro da littafi,
ran Lahadi hannuna ƙaiƙayi yake.
Ƙofar gidanmu ce ta ɓalle a Ketu,
iskar teku ta ci hinjinta da tsatsa.
Sau uku na kira mai walda, sau uku na biya,
a na huɗu na ce, wannan karon da kaina.

Danfo ya sauke ni Owode Onirin,
inda ƙarfe ke kuka tun asuba,
rodi a tsibe, kwano a jibge,
ƙasa baƙa ƙirin da ruwan jiya.

Na farkon da aka nuna mini ƙato ne,
nauyin ɗan maraƙi, sai an kama.
Suka ce ba ya mutuwa, jikanka zai gada.
Na ce, to wa zai ciyar da shi?
Janaretana da fanka biyu ma tari yake,
in na jona wannan, layinmu ya yi duhu,
maigidan haya ya sauko da takardar sallama.

Na biyu ja ne, yana ta sheƙi,
da waya a nannaɗe da tukunyar gas.
Da jin kuɗinsa na taɓa aljihu,
aljihu ya ce, Tanimu, ba da mu ba.
Mai walda sau biyu a wata,
me ya kai shi sayen doki don zuwa maƙwabta?

Sai Baba Lasisi, tsoho mai tabon ƙuna,
Hausarsa ta Agege, rabi Yarbanci,
ya ja ni gefe, ya ɗauko ɗan ƙarami,
jakar makarantar 'yata ta fi shi nauyi.
Inbata, in ji shi.
Na ga an rubuta ɗari uku a jiki.
Ya yi dariya: fenti ba ya jin kunya.
Ɗari da ashirin ne gaskiyarsa, kuma ya ishe ka,
ba jirgin ruwa za ka haɗa a Apapa ba.
Ya fere bakin wayar da wuƙa ya nuna mini
jan ƙarfe, ba sanholo mai rigar aro ba.
Kar ka biya sai an kunna a gabanka.
In ya yi zafi ka bar shi ya huta.
Kuma kar ka juye kuɗinka kaf a inji,
ido ba a sayar da shi ko a Ladipo.

Albarka, albarka, har la'asar,
kafin ya ce ya sallama.
Canjin ya tafi a garkuwar fuska,
safar fata, da tsinken walda fakiti guda.

Ran Lahadi, bayan gida, gefen tanki,
tsinken ya manne, na fizge, ya sake mannewa.
Na ɗaga garkuwar in ga me ke faruwa,
walƙiya ta mare ni.
Da dare idona kamar an cika shi da yashi,
Uwani na ɗora mini tsumma mai sanyi tana danne dariya:
Ai tsohon ya faɗa maka, ko da Yarbanci ya faɗa?

Sati uku kafin ɗinkin ya kama.
Ba kyau, kamar kaza ta yi kashi a kai,
amma na rataya a ƙofar da duk nauyina,
ba ta ce uffan ba.

Yanzu maƙwabciya ta kawo murhu mai ƙafa biyu,
mai tsiren kwana ya aiko da ragar gashi.
Na ce ni ɗan koyo ne, ba na karɓar kuɗi.
Ya aiko da nama a takarda.
Na ci, yatsuna na warin ƙarfe,
irin warin rigar kakana a Gumel
in ya ɗauko ni a kafaɗa daga maƙera.