Allurar Zafi

Tun kafin asuba na ɗaga murfin inji,
tocila a tsakanin haƙorana.
A Phoenix ko dare ba ya hucewa,
kwalta na amayar da abin da rana ta ba ta ajiya.

A-kori-kura ce, ta girmi 'yata da shekara shida.
Ran da na saye ta a garejin Eusebio
ya miƙo makulli, bai saki ba.
Kada ka taɓa marfin lagireto da zafinsa, in ji shi,
ya naɗe hannun riga ya nuna min
inda fatar ta koma sheƙi kamar leda.

Jiya na sa mata tiyo daga ciki zuwa waje,
fara da ƙwarin bazara uku suka zubo ƙasa.
Na matsa kowace roba.
Ɗaya ta yi laushi kamar ayabar da ta kwana,
na cire ta.
Na ja bel ɗin fanka, ya amsa min da ƙarfi.
Koren ruwa rabi, farin ruwa rabi,
baƙin mai sabo,
jarka biyu a baya, don ba a san maci tuwo ba.

A kan tirela akwai ƙaramar motar Hansatu,
cikinta katifa, littattafai,
da tukunyar da uwarta ta rantse sai an tafi da ita.
Jami'ar tana can sama, a Flagstaff,
hanyar kuwa hawa ce, hawa kan hawa.

Mun wuce Black Canyon, rana ta miƙe.
Hansatu na kallon waya,
ni ina kallon allura.
Ta bar tsakiya.
Ta matsa kamar mai satar shiga.

Na kashe sanyin mota.
Baba!
Na sauke giya, inji ya ɗaga murya,
fanka ta kama ruri.
Na koma layin manyan motoci, mu da su muna rarrafe,
yara masu sababbin motoci suna wuce mu kamar an jefa su.
Su je. Ba su jan komai.

Allura ba ta daina ba.
Sai na murɗa hita har ƙarshe,
na zuge gilasai duka.
Wutar inji ta zubo mana a ƙafafu,
a watan Agusta, a Arizona.
Hansatu ta dube ni, ta dubi hanya,
gumi ya sauko mata ta ƙarƙashin ɗankwali,
sai dariya ta ƙwace mata,
irin wadda rabona da ji tun tana aji uku.
Ka dafa mu ne don ita ta sha iska?
Na ce, wanda ya ɗauki kaya ai shi ake yi wa fifita.

A Sunset Point na tsaya, ban kashe ta ba.
Na bar ta tana numfashi a tsaye,
murfi a ɗage,
hannuna a aljihu saboda Eusebio.
Akwai maganar da na taho da ita tun daga gida,
na jera ta, na gyara ta,
kan abokai, kan salla, kan kira ran Juma'a.
Ita ma na ji ta da zafi. Ban buɗe ba.

Hansatu ce ta leƙa ta taga.
Ta sauko, Baba. Ta dawo tsakiya.
Ta zagayo, ta tsaya kusa da ni,
ta nuna jarka da haɓa:
nuna min inda ake zubawa,
tawa ma tsohuwa ce.

Na nuna mata farar robar da ke gefe,
da layi biyun da ke jikinta.
Saura hawa ɗaya babba bayan Camp Verde.
Muka jira iska ta gama nata.