Zaren Awo

Shekara arba'in Baba na fito a kogin Min,
ruwa bai taɓa cin sa ba.
Sai da ya jingine gora
ruwan ya biyo shi gida,
ya shige cikinsa, ya yi zaune.

Ciki ya zama tulu,
cibiya ta leƙo waje kamar mai neman hanya.
A asibitin Leshan suka huda shi,
suka cika kwalba uku,
rawaya, kamar shayin da aka tsarma.
Hanta ce, in ji su.
Kwana sha biyu, ruwa ya dawo.

Tsohuwa Qiu ba ta da fara'a.
Yatsu uku ta ɗora a wuyan hannunsa,
ta ce ya fito da harshe,
ta daɗe tana duba shi kamar takardar bashi.
"Magudana ce ta toshe.
Ba a kokawa da ruwa, hanya ake nuna masa."

Ta jajjawo aljihunan katako:
fuling, fari kamar alli,
saiwar huangqi yanka-yanka,
zexie, da wani ɓawo mai gashi da na manta sunansa.
Ta auna a ɗan sikelin tagulla,
ƙunshi bakwai.
"Kada ki bar maganin asibiti.
Gishiri kuwa, ɓoye shi inda ke ma za ki manta."

Kwano uku a tukunyar ƙasa,
a dafa har ya koma ɗaya.
Warin ya kama labule, ya kama gashina.
Baba ya kurɓa, ya yamutsa fuska:
"Lanfen, wannan ɗacin, ko kifi ya ji sai ya yi ƙaura."

Kowace asuba nakan zagaye cikinsa da jan zare,
in ƙulla inda ya tsaya.
Ƙullin Litinin, ƙullin Laraba,
tsakaninsu faɗin farce.
Alhamis shiru.
Juma'a ya ƙaru, na shiga madafa
na ɗora wa hayaƙi laifin idona.

Ban san wanne ke aiki ba,
ƙwayar likita ko tukunyar Qiu.
Ban kuma tambaya ba.

Daren jiya sau huɗu ya tashi fitsari,
ina jin dariyarsa cikin duhu.
Da safe ya sunkuya, shi da kansa,
ya ɗaure igiyar takalmin hagu.
Na dama ya gagara.
Na miƙa hannu, ya ture,
ya ce in dai buɗe masa tagar
da ke kallon kogi.