Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Dokta Asiedu ya zana da'ira a allo:
matsala, bincike, manufa, aiwatarwa,
kibiyar ta zagayo ta ciji wutsiyarta.
Na kwafa tsaf, na ci jarrabawa.

Sai aka tura mu Aboabo da takardun tambayoyi,
ni da aka yanke wa cibiya a lungun nan,
na dawo da kati rataye a wuya
ina sallama kamar mai karɓar haraji.

Mma Sahura tana tsame ƙosai daga mai.
Na ce, mutum nawa ne a gidanki?
Ta ce, da rana ko da dare?
Masu cin tukunyata tara ne,
masu kwana goma sha huɗu,
ban da 'yan dakon nan biyu na Kejetia
da ke raɓawa a zaure in sama ta yi baƙi.
Akwatin amsa kuwa ɗan mitsitsi ne,
lamba ɗaya yake ɗauka.

Nawa kike samu a wata?
Ta yi dariya har matsami ya karkace.
Je ka tambayi kwata, in ji ta,
ran da ta cika ta shigo ɗaki
ko sidi ɗaya ba na gani.

Kina da katin inshorar lafiya?
Ta kwance bakin zane ta miƙo mini,
ya sha mai, hoton ya koɗe,
wa'adinsa ya wuce tun azumin bara.
Layin sabuntawa yana cin yini guda,
yinin kuma shi ne abincin dare.
Takarda ta ce: akwai, ko babu.
Na daɗe riƙe da biro.
Na sa akwai. Haka ta shiga lissafin waɗanda aka taimaka.

Da zan tafi ta ƙunsa mini ƙosai biyar
a wata takarda mai layi-layi.
Sai a mota na duba:
irin tawa ce, ta ɗaliban wata shekarar,
mai ya huda tambaya ta goma sha ɗaya.

Daren nan ina rubuta babi na huɗu.
Dokta yana son shawarwari ga hukuma, a taƙaice.
Na rubuta, na goge.
Ruwa ya fara sauka a kan kwanon ɗakinmu,
na san inda yake tafiya.