Bakin Ramin Jirgi, Chimbote

Ƙarfe biyar. Teku bai gama hamma ba.
Tsuntsayen ruwa sun jeru kan igiya kamar masu jiran albashi.
Ni ce Nélida, mai riƙon takardar izini,
ni ake harara duk ranar da aiki ya makara.

Jirgin ya dawo shekaranjiya, cikinsa fal ƙananan kifaye.
An kwashe. Saura ruwan ƙasa da ɓarɓashin ƙaya,
sun kwana biyu a rufe,
suna dafa abin da ba a gani.

Eusebio ya ɗaga murfi, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso.
Na ce masa, wannan mai kunya ne, ya yi sallama.
Abin tsoro shi ne warin ya ɗauke,
don in guba ta kai maƙura
hanci take fara kashewa.

Na zura na'ura da igiya, sannu, kamar guga.
Sama tukuna. Na jira.
Tsakiya. Na jira.
Can ƙasa, inda iska mai nauyi ke kwanto kamar kada,
na'urar ta tsala ihu, jan idonta na ƙiftawa.

Babu mai sauka.

Muka jawo injin hura iska,
muka warware bututunsa rawaya har gindin rami,
don iskar da ta tsaya a baki gaisuwa kawai ta yi.
Wilmer ya girke injin a gefen janareta.
Na ce, matsar da shi can wajen teku,
ko hayaƙi za ka ɗura wa 'yan'uwanka?
Ya ja tsaki, ya ja injin.

Kyaftin Zavaleta na ƙwanƙwasa agogonsa da farce.
Ya ce, shekara ashirin ubanki na sauka ramin nan,
bai taɓa neman takarda ba.
Na ce, haka ne.
Ban ƙara ba. Ya san sauran.
Ya san safiyar da yaro ya sulale a ƙasan tsani,
Fortunato ya bi shi da zuciya ɗaya,
wani ya bi Fortunato.
Mutum uku, guga uku, igiya ta tsinke.
Ina da shekara tara. Takalmansa aka kawo mana a leda.

Rabin awa injin na gurnani.
Na sake zurawa: sama, tsakiya, ƙasa,
har lungun da ke bayan ginshiƙi, inda iska ke ƙyuya.
Ashirin da ɗigo tara. Guba, sifiri.
Na rubuta lokaci, na sa hannu,
na ja ɗamarar kowa da ƙarfi har ya yi nishi.
Eusebio, Wilmer. Suna biyu a allo.

Na zauna a baki, ba na zuwa ko shan ruwa.
Ina kira, suna amsawa.
Ƙarar shebur tana min daɗi kamar numfashin jariri.

Tara saura kwata, injin ya yi tari, ya mutu.
Bututun ya saki jiki, ya kwanta kamar saɓar maciji.
Shirun nan!
Na busa usur har kunnena ya toshe.
Daga ƙasa Eusebio ya ce, saura shebur uku kacal.
Na ce, bar su, laka ba ta da 'ya'ya. Hau.
Suka hau suna gunguni, suna zagin mai gyaran waya.
Na ƙirga kawuna kamar ban san biyu ba ne.

Da yamma na goge allo da gefen hannu.
Ba abin da ya faru yau, ba wanda zai ba da labari.
'Yar Eusebio na bakin ƙofar tasha da kwanon shinkafa,
tana toshe hanci, tana dariyar warin ubanta.